Namijin Hof na Bayan Gidana

Mai girma shugaban ƙungiyar masu dafa giya da noman hof, shukar da ake sa furenta a giya, ta wannan gari, Desmond Triffitt, wanda kofin gasa ya shekara goma sha ɗaya a falonsa har ya zama ɗan gida; sakatariyarmu Glenys, da ta aiko mini takarda mai hatimi alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu; kansilanmu, da ya samu zuwa yau saboda an ce akwai ɗanɗano bayan taro; Fadan cocinmu, da ya ce shayi kawai zai sha, muna dai kallo; dattawan da suka tsinki hof a kwarin Derwent tun ana yi da hannu; maƙwabta maza da mata, barkanmu da yamma.

Ni ce Noelene, matar marigayi Merv Purdey, ga wanda ya manta. Na ga tun bayan jana'iza mutane da yawa sun manta.

Ina godiya da aka ba ni minti biyar in yi magana kafin ku kaɗa ƙuri'a a kan tuge shukar da ke bayan gidana. Ina godiya kuma da wannan karramawa: shekara biyu babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, sai ga mutum huɗu rana ɗaya sun leƙo ta kan shinge, har da mai tabarau. Ashe ana sona haka ban sani ba!

Magana ta farko, laifin da ake tuhumar shukata. An ce namiji ne. Gaskiya ne, namiji ne. Ba sai na koya wa wannan zaure cewa macen hof ce ke ba da furen da muke zubawa a tukunya don ɗaci da ƙamshi ba, namiji kuwa ba ya ba da komai sai garin da iska ke kwasa ta kai wa matan maƙwabta, furensu ya cika da ƙwaya. Bana garin ya sauka a lambun shugaba. Furensa ya yi ƙwaya, giyarsa ta zo ta uku. Ta uku, jama'a! Na yi mamaki da ba a rufe makarantu ba.

Magana ta biyu, shekara goma sha ɗaya shukar nan tana wurin, me ya sa sai bana? Saboda da akwai jerin dogayen itatuwa tsakanin layinmu da nasa, suna tare iska. Bara wani mai hikima ya sa aka sare su don hof ɗinsa ya ƙara samun rana. Ba zan kama suna ba. Yana zaune a kujerar tsakiya, yana duba takalminsa.

Magana ta uku ita ce ta kawo ni. Kun san al'adarmu: lokacin sanyi kowa ya haƙa ya yanko saiwa ya ba baƙo, haka hof ke yawo gida-gida. Shekara goma sha ɗaya baya, Merv baƙo ne a garin nan. Ya shekara talatin yana tuƙa motar fasinja a Hobart, bai san hof ba sai a cikin kofi. Amma shekararsa ta farko, da furen da ya roƙa a maƙwabta, ya dafa giyar da ta zo ta biyu. Wata huɗu bayan nan sai ga shugaba a ƙofarmu da saiwa a naɗe cikin jarida.

Ya ce, "Merv, abokina, wannan ba kowa nake ba ba. Kai na ga kana da hannu."

Merv ya shigo yana rawar jiki kamar an ba shi jariri. Ya kafa sanduna, ya ɗaura igiyoyi, ya faɗo daga tsani sau biyu. Shukar ta hau, ta wuce rufin gareji, ta yi kore shar, fure kuwa ko na rantsuwa babu. Ya je ya tambaya, shugaba ya ce, "Haba, kai ma da gaggawa! Ƙara mata taki." Ya ƙara. Shekara ta zagayo, aka ce wataƙila ruwa ne. Shekara ta sake zagayowa, aka ce wataƙila rana ce.

To ku da kuka girma a gonakin nan, ku gaya mini: saiwar da aka yanko daga mace tana zama namiji? Beryl, ke kin fi kowa daɗewa a nan, tana zama? Kun ga tana girgiza kai. Saiwa ba ta canza jinsi, abin da aka yanko shi ke fitowa. Ga kuma ɗan katakon da ya zo ɗaure da ita a jakata, da rubutun hannun shugaba: "Mafi kyau, don Merv." Duk wanda ke so ya zo ya gani. Ku kuma da kuke wucewa ta bayan gidanmu shekara da shekaru kuna cewa, "Merv, shuka ta yi kyau," na gaishe ku. Idanunku lafiya lau suke, na shaida, tunda bana sun gani daga nesa.

Abin da ba ku sani ba, shi ma ya sani. A asibiti, sati guda kafin ya rasu, ya ce mini, "Noelene, kin san shukar nan namiji ne ko? Tun shekara ta uku na duba littafi."

Na ce, "Kai Merv! To don me ka yi ta ɗibga mata taki kana sa ni jan baro?"

Ya ce, "Des abokina ne. Zai zo ya faɗa da bakinsa. Ba na so in riga shi."

Wallahi ranar na ji haushin mijina, na kuma yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta fitar da ni. Shekara tara yana zama a kujera a inuwar shukar nan da yamma, kofi biyu a gefensa. Ni na ɗauka ɗayan nawa ne.

Saboda haka ku kaɗa ƙuri'arku, ba zan hana ba. Hof ɗin gari ya fi shukar tsohuwa ɗaya, na yarda. Sharaɗina ɗaya ne: kada a turo mini ɗan kwangila, kada a turo kwamiti. Wanda ya kawo ta shi zai zo ya haƙe ta, da shebur ɗinsa, da hannunsa. Kuma ya haƙa a hankali, domin da aka ƙona gawar Merv kamar yadda ya bar wasiyya, a gindinta na zuba tokarsa. Yana nan, Des. Kujerar tana nan, kofin ma ban ɗauke ba. Ka faɗa masa tukuna, sannan ka sa shebur.

Allah ya ba mu girbi mai albarka, ya kare lambunanmu daga ƙwari da ƙanƙara. Allah ya ba shugabanmu ƙarfin baya, don saiwar ta yi nisa ƙwarai. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.