Ƙayar da Aka Kwashe a Hanyar Furana

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Audu manomi ne daga Furana.

Duk damina rafinmu yakan cinye hanya, sai mu gicciya ƙaya don direbobi su juya. Rannan wani shugaban kwamiti ya zo yana hura hanci, ya ce, "Ku kwashe ƙazantar nan, Gwamnan soja zai wuce!" Na ce, "Ranka ya daɗe, rafin fa?" Ko kallona bai yi ba.

Aka kwashe ƙayar, amma Gwamna bai zo ba. Motar takin da muke jira tun shuka ce ta zo, ta kife cikin ruwa.

Ina gaida Iliya, direban motar, wanda ke jinya a Ikara. Shi kuwa shugaba, a tambayar mana shi: Gwamnan nasa a kwale-kwale zai wuce?