Ba kanwa ba ce

A tashar Kore Mairuwa ana jiran motar Sukukutane ta cika. Wani dattijo na zaune bisa guntun bututun ƙarfe da aka tsaga biyu, sai wani magidanci ya duƙa ya leƙa cikinsa.

"Baba, ina ka samo wanga?"

"Wurin masu tsohon ƙarfe, Dogon Dutsi. Sun ce na haƙar man fetur ne. Komin shayar da shanu zan yi, na biyu ke nan."

"Farin abin nan da ya daskare ciki fa?"

"Kanwa ce mana. Na farkon ma ban kankare ba, shanu na lasa."

"Na yi aiki a rijiyoyin mai can gabas, Baba. Ba kanwa ba ce, dattin ruwan da ke fitowa tare da man ne. Wani lokaci yana fid da tururi mai cutarwa irin na uraniyom, ba a ganinsa, ba ya wari. Sai an kara na'ura ta yi kuka."

"Ba daga ƙasa ya fito ba? Kanwa ma daga ƙasa take."

"Haka ne. Amma shi nesa Allah ya binne shi, mu muka tono."

"To, nawan nan na da tururin?"

"Ban sani ba. Wani na da shi, wani babu. Mu ma ba kullum ake aunawa ba. Mukan kankare da hannu, mu zauna mu ci tuwo."

Dattijon ya tashi daga bisa bututun, ya tsaya yana dubansa.

"Na gida fa ba shanu kaɗai ba. In rana ta yi zafi, ciki jikokina ke wanka."