Kabarin Edith

A tashar jirgin ƙasa ta Bradford wata budurwa ta miƙa wa tsoho Clegg jaridar Ƙungiyar Ɗa'a.

"Riƙe abarki, yarinya. Na riga kowa ganinta. Ni na saɓo bugun farko daga maɗaba'a, ko baƙi ban sani ba."

"Ashe namu ne kai, Baba."

"Naku? Shugabanninku biyu suka ce a bar coci, halin kirki ya isa. Na bari. Tafiya ba ta yi nisa ba suka raba gari, kowa da jaridarsa yana zagin ɗan'uwansa. Duk na ga bayansu."

"Saɓanin fahimta ne kawai."

"Da Edith matata ta rasu, fasto ya ƙi zuwa. Su kuma suka tsaya gardamar wa zai yi jawabi a bakin kabari. Ƙarshe ba wanda ya leƙo. Ni da mai haƙa kabari muka rufe ta, shiru."

"Yanzu ba haka muke ba."

"Haka kuke! Ni ma ranar da na mutu ba mai zuwa." Ya gyara hularsa, bai dube ta ba. "Clegg, Layin Masaƙa. In kin isa, ranar tawa ki zo ki ƙaryata ni."