Baƙin Tabarau a Bakin Kogi

Ajuma ta ƙi sa baƙin tabarau ɗin da aka ba ta. Ranar Talata ce, a bencin ƙofar gidan likita a Gaya, wani tela mai jajayen idanu ya matsa ya ba ta wuri.

"Inna, ke ma idon ne?"

"Shi ne, ɗana. In na juya shi sai in ji kamar ana jan igiya a ciki. Lokotoro ya ce naman idon ya gaji."

"Ni allura ta gajiyar da nawa. Ke fa?"

"Hasken ruwa. Wuni nake a bakin kogi ina duba kwalekwalen da ke zuwa daga Malanbil, garin tsallaken kogi."

"To ki sa tabarau mana."

Ajuma ta goge gilashin da bakin zanenta.

"Autana Yazidu ya ƙetara can neman aiki tun da aka rufe gadar kogin. In ya sauko ya gan ni da wannan, zai ɗauka na makance a bayansa."

"Yaushe zai dawo?"

"Ya ce da zarar ruwa ya ja."

Ruwan ya ja tun watan jiya, har yashi ya fito.