Ranar da Na Kifa Robobi a Kan Murhu

Ranar da na fara ganin Bala, zaune yake a kan tarin bahon roba a tashar Gummi. Mutumin Gwashi ne, yana aiki a wani kamfanin roba a Kano, ya kawo 'yan kaya ya sayar, sauran suka yi kwantai. Ni kuwa Inna ta sayar da tunkiyarta ta ƙulle mini kuɗin mota a bakin zane, ta damƙa ni hannun Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, wadda ta daɗe tana aikatau a Kano. Da muka hau babbar mota babu wurin zama, sai ya zare baho ɗaya ya kife mini. Har Funtuwa ban ɗaga kai na dube shi ba. Ke ƙanwata Rabi, ki daina wannan murmushin, ki bari in ba ku labari.

Gwaggo tana tuƙa tuwo ne wurin Hajiya Dije, a bakin ƙofar kamfanin su Bala. Aka ba ni wanke-wanke. Ɗakinmu kuwa kamar akurki, mai gidan kuma a bakin famfo yake wuni. Ya taɓa tare ni ina ɗiban ruwa ya ce, "Ke Basakkwata, kogin garinku kika ɗauka wannan?" Na ce, "Mi niy yi?" Daga ranar duk matan gidan suka sa mini suna Miniyyi. Su kuwa ba su jin nasu. Wai roba ma ba roba ba ce, filastik ce. Gwaggo har ta bar Kano falasko take ce mata.

Da ƙarfe sha biyu ake busa jiniya, leburori su fito su ɗauki tuwonsu kowa da kwanonsa. Kwanukan sun tsufa, duk sun ɓamɓare sun yi tsatsa, sai Bala ya ba Hajiya shawara ta koma robobi masu murfi, ya karɓo mata a farashin ma'aikata. Gaskiya da farko na so su. Ba nauyi, in ɗaya ta faɗi sai ta yi tsalle ta tsaya lafiya, tuwo ba ya manne mata, murfin kuma ya kama gam, ko ka karkata miya ba ta zuba. Ranar da babu aiki nakan juya gindinsu ina haɗa baƙaƙen da ke jiki, don a lokacin nake koya wa kaina karatu, duk abin da ke da rubutu ba ya wuce ni.

Amma roba ba ta mantuwa. Manja ya rina su, warin daddawa ya zauna. In wanke da sabulu, in goge da toka, in shanya, gobe warin yana nan. Leburori suka fara ƙorafi, Hajiya ta ce ƙazanta ce irin ta 'yan ƙauye, in ban gyara ba in kama hanya.

To, ku kun san yadda Inna ke yi da ƙwaryar nono in ta yi gafi. Sai a wanke, a kifa ta kan hayaƙin garwashi, wari ya mutu. Rannan da safe, bayan an sauke tukwane, su Hajiya sun tafi cefane, na jera robobin nan na kife su a kan duwatsun murhu, na juya ina sharar wuri. Warin da ya juyo da ni ban taɓa jin irinsa ba. Bakunansu sun lanƙwashe, wasu sun lotsa, biyu sun ɗiga cikin wuta. Na tsame su cikin ruwa ko za su koma, suka sandare a haka. Sai na jera su a inda suke zama, na rufe da buhu, na yi shiru.

Da aka zo zuba tuwo, murfi ya ƙi shiga. Hajiya ta ɗaga ɗaya ta duba, ta ɗaga wata. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce ai ta gane, rijek ne, wato waɗanda injin ya lalata aka ware za a zubar, Bala ya kwaso ya sayar mata, zafin tuwo ya tona asirinsa. A kamfanin nan wanda aka kama ya fita da rijek kora ce, wani lokaci har da 'yan sanda. Ta aika a kira shi.

Ya zo da rigar aiki. Ya ɗauki roba ɗaya ya juya ta, ya ga baƙin hayaƙi a ciki, ya shinshina. Sau ɗaya ya dube ni, ya sauke ido. Hajiya tana ta faɗa, shi bai ce komai ba sai a yi haƙuri. Ta yafa gyale ta ce su je wurin manaja yanzu. Gwaggo ta matse mini hannu, don ta gane, kuma ta san in na yi magana wataƙila mu biyu za a kora. Jiniya ta busa, leburori suka fara taruwa, Hajiya ta kai bakin ƙofar kamfani, Bala na bin ta a baya.

Ban san lokacin da na fizge hannuna ba. Na ce, "Hajiya, ni ta. Ni nik kihe su bisa murhu." Sai wani ya kwaikwayi maganata aka fashe da dariya. Hajiya ta ce, "Roba a kan wuta? A garinku da ƙafa ake tunani?" Ta bar Gwaggo, saboda babu mai tuƙi irin nata, ni kuwa ta ce kada la'asar ta same ni a wurin.

Haka na dawo muku, wata huɗu, ba ko turmin atamfa. Bala ne ya riƙe mini ƙullin kayana zuwa tasha. Ya ce shi ya kamata ya gaya mini tun farko cewa roba ba ta son wuta. Sannan ya ce sai kaka zai samu hutu, yana son ya turo manyansa Gummi, amma bai san ko zai tarar da ni ba. Na riga na ba shi amsa a zuciyata, tun yana juya robar nan ya ƙi faɗin sunana. Ɗan kamasho yana ta buga jikin mota, sai na ɗaga kai na dube shi sosai.

Na ce, "Ka turo su. Ko kaka ta wuce, ina nan, ba ni sauraron kowa."