Kofin da Na Sha Ruwa da Shi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana mata na wannan zumunta. Sunana Rifkatu. Da yawanku kun san fuskata, amma ba ku san ina da farfaɗiya tun ina 'yar shekara tara ba.

Da na gama karatun malanta, na nemi aiki a wata makaranta mai zaman kanta a Ribah. A fom ɗinsu akwai inda aka tambaya ko kina da wata lalura. Na rubuta "babu". Na yi ƙarya, kuma na sani.

Wata huɗu ina koyarwa lafiya. Wata Talata ina rubutu a allo ciwon ya kayar da ni. Yara suka watse. Malamai suka tsaya daga bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa ni, wai ana ɗauka ta miyau. Na farfaɗo ni kaɗai a ƙasa, haƙorina ɗaya ya karye.

Washegari na ga kofin da nake shan ruwa da shi a kan bola. Hedimasta ya ce ba don ciwon ya sallame ni ba, don ƙaryar ce. Amma yana faɗa yana ja da kujerarsa baya.

Na dawo Zuru na zauna shekara biyu a ɗaka. Na ji haushin kowa, har Allah. Sujada ma na daina zuwa, don tsoron kada in faɗi a gabanku.

Yayana Bitrus ya ce wani da ya taɓa yin hedimasta ya gaya masa abin da ya kamata a tambaye ni shi ne ko zan iya aikin, ba tonon jikina ba. Bitrus ya ce in zan sake neman aiki, in yi shiru kawai a kan ciwon. Amma ni na san abin da shiru ya jawo mini.

Wata safiya na durƙusa na ce, "Ubangiji, na gaji da roƙon ka warkar da ni. Ka cire mini tsoron nan kawai."

Makarantu uku na je neman aiki, na faɗi gaskiya. Duka ukun suka ce za su kira ni. Har yau ina jira.

Ta huɗu ta wata tsohuwa ce, matar soja da mijinta ya rasu. Ta ga na sha rana, ta ɗebo mini ruwa a randa. Sai da na shanye na tuna da kofina na kan bola. Na gaya mata komai, idona na kan kofin.

Sai ta ce, "'Yata, in ya tashi, me za mu yi miki?"

Shekara ashirin ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya! Ina kuka na ce a kwantar da ni ta gefe, a kawar da benci, kada a sa mini komai a baki.

Ta rubuta a takarda, ta ce in fara aiki. Sannan ta ɗauki kofin nan, ko ɗaurayewa ba ta yi ba, ta cika ta sha.

Ban warke ba, 'yan'uwa. Ina shan magani kullum, kuma sau biyu na faɗi a aji. Amma duka biyun na farfaɗo kaina yana kan cinyar mutum.

Na gode wa Yesu. Ke da kike ɓoye naki ciwon, ki dogara gare shi, ya san inda kike kwance. Amin.