Baba Ya Ci Shari'a

A tashar Kakuri, rediyon mai shayi ya ce wata ƙasa ta kasa biyan bashi, wasu masu binta kuma sun ƙi yarda da ragi, sun tafi kotu. Jemimah ta ja tsaki.

"Ungulaye kawai. Ƙasa na kuka, su sai an cika musu har kwabo."

Wani dattijo a gefenta ya ce, "Sannu, uwar tausayi. Ni ma da masaƙarmu ta rufe, aka ce mu karɓi rabin haƙƙinmu. Abokaina suka karɓa, ni na tafi kotu."

Jemimah ta juyo ta dube shi. "Ka ci shari'ar, Baba?"

"Sosai ma, 'yata. Har yaba mini alƙali ya yi. Ko za ki biya mini kuɗin keke zuwa Romi?"